Ɗigon da Ya Ƙi Zama Kore

Ofishin tsabtace gari yana saman garejin motocin shara, a wani tsohon bene mai ƙunƙuntar matakala. Mai hawa yakan fara jin warin dizal kafin ya ga fuskar kowa. A ɗakin ƙarshe akwai tebur biyu, da fankar sama mai ƙara, da kabad cike da tsofaffin fayiloli da aka daina buɗewa. A bango an kafa babban allon kwamfuta, a kansa kuwa taswirar gari ce, an yayyafa mata ɗige-ɗige ja da rawaya da kore. Matar da ke zama gaban allon nan tun safe har a tashi aiki ita ce direbobi suke kira Uwar Taswira.

Ta ba hamsin baya. Gajeriya ce, tabaraunta rataye a wuya da igiya saboda ta gaji da neman sa a ƙarƙashin takardu. Ba ta ɗaga murya, ko a waya. Direbobi sun ce gara ta yi maka ihu da ta ce maka "to, na ji" a hankali. Maigidanta, wanda gyaran wutar lantarki ne sana'arsa, ya ce fita da ita aiki ne, domin duk lambatun da suka wuce sai ta tsaya ta leƙa, shi kuma ya tsaya riƙe da jaka kamar ɗan rakiya.

Shara ba baƙuwarta ba ce. Mahaifinta direban motar shara ne har ya yi ritaya, a wannan garejin da ke ƙarƙashin ƙafarta. Tana tuna yadda yakan tsaya a famfon ƙofar gida ya wanke hannu da ƙafa da sabulu kafin ya shiga, da yadda 'yan ajinsu suke toshe hanci in ta wuce, suna ce mata 'yar mai bola. Ranar da ta kai masa ƙara tana kuka, bai rarrashe ta ba. Da ranar hutun makaranta ta zagayo, sai ya zaunar da ita a gaban mota ya zaga da ita rabin gari. Duk layin da suka shiga yakan sa ta dube shi da kyau, in an gama kwashewa za su fita kuma ya ce ta waiwaya. Ta ce tun daga ranar ba ta sake jin kunyar sunan ba. Da tuƙin motar nan ya gina gida mai ɗaki uku a wani lungu bayan tsohuwar masaƙa, inda yayarta take zaune har yau.

Ita kuma da ta gama makaranta, a bakin get ɗin garejin ta fara, tana rubuta motar da ta fita da wadda ta dawo. Daga nan aka mayar da ita teburin waya. Shekaru masu yawa aikinta sauraron ƙorafi ne: a kira a ce an tara shara bayan wani shago, ko an juye ɓaraguzan gini a bakin hanya, ta rubuta a 'yar takarda ta soke a ƙusa. Kwatancen mutane kuwa sai wanda ya ji. Wani ya ce kusa da bishiyar nan da aka sare, wani ya ce gaban gidan da aka yi gobara shekarun baya. Direba ya ƙone mai yana nema, ya dawo ya ce bai gani ba.

Da aka kawo manhajar kai rahoto, wasu a ofis sun ɗauka ƙarshen aikinta ke nan. Ita kuwa a kujerar gaba ta zauna ranar horo, ta yi ta tambaya har mai koyarwa ya nemi ruwan sha. Tsarin ba shi da wuya in an gane shi. Duk wanda ya ga an zubar da shara inda doka ta hana, sai ya ɗauki hoto da wayarsa ya tura ta shafin ofis. Wayar da kanta take faɗin inda mutum ya tsaya, sai jan ɗigo ya fito a taswira. Uwar Taswira ta buɗe hoton ta auna da ido: wannan aikin baro da shebur ne, ko tifa za a tura, ko sai an haɗa da katafila. In ta ba wata mota aikin, ɗigon ya koma rawaya. In an kwashe, direba ya turo hoton wurin, ta jera shi da na farko ta duba. In ta gamsu ta danna, ɗigon ya zama kore. Ita kaɗai ke da ikon danna kore, kuma ba ta arha da shi.

Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne direban tifa da ake kira Babu Ribas, saboda ya gwammace ya zagaye unguwa guda da ya ja mota da baya. Wata rana ya turo hoton wata katanga tas, ko tsinke babu. Ta kira shi.

"Babu Ribas, katangar nan ta yi kyau."

"Ai aikinmu ke nan, Uwa."

"To juya, ka ɗauko mini abin da ke bayanka."

Can ya ce, "Wayar ce ba caji."

"Da me kake mini magana, da shebur?"

Ya koma ya kwashe sauran. Har yau in sabon direba ya zo, shi yake fara ja masa kunne cewa matar nan tana ganin bayan hoto.

Kafin shekara ta zagayo taswirar ta yi kore shar. Akwai jujin da ya girmi wasu ma'aikatan ofis, aka kwashe shi har aka ga ƙasa. Shugaban sashen, wanda kowa ke kira Oga, in ya yi baƙi ɗakin nan yake fara kawo su. Ita ma tana alfahari, musamman da saurin aikin. Ƙorafin da a da yake tsufa a kan ƙusa har takardar ta yi ja, yanzu cikin 'yan kwanaki an gama da shi.

Ɗigo ɗaya ne ya hana ta sakat. Yana bakin lungun gidansu na gado, a wani ɗan fili da ba kowa, daidai inda ruwan layukan unguwar yake haɗuwa ya shige kwalbati ya bi ta ƙarƙashin titi. In kwalbatin ya toshe, ruwan ba shi da wurin zuwa sai lungun. Haka aka yi a daminar da ta wuce. Ruwa ya shiga gidan har gwiwa, ya lalata keken ɗinkin yayarta, ya jiƙa yadin mutane, ya bar zanen laka a bango. Yaya tela ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu a garuruwa. Bayan ruwan ta faɗa a gaban kowa cewa in aka sake, za ta kulle gidan a sa shi a kasuwa, ta koma wurin babban ɗanta. Yaya ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Saboda haka Uwar Taswira ta san abin da ke gabanta: ko bakin kwalbatin nan ya zauna a buɗe kafin ruwan farko, ko gidan da mahaifinsu ya gina ya koma hannun wani.

Ba ta buƙatar yin son kai. Ƙa'idar ofis ce, in damina ta gabato, jujin da ke bakin magudanar ruwa shi ake fara kwashewa. Ɗigon ya yi ja, ta tura mota, ya yi kore. Bayan 'yan kwanaki ya sake yin ja. Ta sake turawa. Abin mamaki, duk yadda aka ƙara saurin kwashewa, haka yake ƙara saurin dawowa. Babu Ribas ne ya fi shan wahala, domin wurin ba ya juyuwa, dole ya shiga da baya.

"Uwa, ni fa na fara zargin wurin nan haihuwa yake yi," in ji shi wata rana, yana sharce gumi a ƙofar ɗakinta. "Shekaranjiya na share shi, yau na tarar har da jikoki."

Wata safiya ta jera hotunan wurin gaba ɗaya a allo, ta sa tabarau. Ta san kamannin sharar da aka jefar a ɓoye: a warwatse take, mai ita ya wurga ya yi gaba. Wannan kuwa a ƙulle take cikin leda, an jera ta reras kamar kayan da ke jiran mota a tasha. Kuma duk hotunan da sassafe aka ɗauke su, ledojin ko rana ba su sha ba. Ta ƙara girman na ƙarshe. Wata leda ta yage a gefe, ƙyallayen yadi sun leƙo, shuɗi mai fararen ganye. Ta dubi allon, ta dubi hannun rigar da ke jikinta. Shuɗi ne mai fararen ganye. Yaya ce ta ɗinka mata ita a watan da ya wuce.

Da aka tashi aiki ba ta wuce gida ba. Ta sami Yaya a kan keke, fil a baki, rediyo yana ta magana shi kaɗai. Bayan sun gaisa ta miƙa mata waya.

"Yaya, wannan ƙyallen na wane ne?"

Yaya ta duba da kyau. "Naki ne mana. Ragowa ce, ko aljihu ba za ta yi ba."

"Wa ya kai shi bakin kwalbati?"

"Ni."

"Wa ya ɗauki hoton?"

"Na wace rana ne? In na Talata ne, ni ce. Laraba ta matar mai shago ce. Ai mun raba kwanaki."

Uwar Taswira ta jawo kujera ta zauna.

Yaya ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta cire fil daga baki ta yi bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yarinya saka zare a allura. Motar sharar unguwa ta daina shigowa lungun tun da aka kafa turken wuta a kwanar, direban ya ce ba ya wucewa. Mutane suka rasa inda za su kai, suka koma filin. A da, in an zuba sai ya yi watanni yana wari. Sai ga ƙanwarta ta zo har gida ta koya mata yadda ake tura hoto. Suka gwada, mota ta zo. Suka sake, ta sake zuwa.

"To mu mahaukata ne da za mu ga hanya mu ƙi bi? Layin nan kaf albarka ake sa miki. Cewa suke ƙanwar tela ta fi duk waɗanda aka taɓa yi a ofishin nan."

"Yaya, wurin nan an hana zubawa. An kawo abin nan don a kashe juji ne, ba don a yi kiwonsa ba."

"Wane kiwo? Ai kuna zuwa ku kwashe tas. Da idona nake gani."

"Sa takalminki."

"Ke, Auta, ni kike ba umarni?"

"Roƙo nake yi. Sa takalminki, Yaya."

Da suka isa, filin a share yake, domin ranar aka kwashe shi. Uwar Taswira ta tattare zaninta ta sauka gangaren, ta durƙusa a bakin kwalbatin ta kunna fitilar waya. Ita kanta, duk leƙen lambatun da take yi, ba ta leƙa nan ba tun da aka fara kwashe wurin, domin a allonta kore yake. Cikin a cushe yake. Leda a kan leda, robobin ruwa, tsumma, yashi, duk sun haɗe sun zama bango. Tsakanin zubawa da kwashewa karnuka da awaki sukan yaga ledojin, iska ta tura abin da ya zube cikin rami. Ma'aikata kuwa abin da hoto ya nuna suke kwashewa, don a kansa za a tambaye su, kuma hoto bai taɓa nuna cikin kwalbati ba. Duk koren da ta danna a wurin nan, ramin yana ƙara cika ne a ƙarƙashinsa.

Yaya ta daɗe tana kallo daga sama. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "To sai ki faɗa mini inda zan kai. A ɗaki zan ajiye ta?"

Washegari Uwar Taswira ta shiga ofishin Oga da hotunan. Mutum ne mai sauƙin kai, amma shi ake tsarewa da tambaya a taron manya, ga shi kuma ana sa ran baƙi daga majalisar gari. Ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce doka a fili take: a tura jami'an tara, a rubuta sunan duk wanda ya zuba, magana ta ƙare.

"In za a rubuta, a fara da yayata," in ji ta. "Ita ce shugabarsu."

Oga ya shafa kai. "Kina so ki haɗa ni faɗa da tsohuwa."

"A'a, Oga. Tara za ta sa su daina ɗaukar hoto, ba za ta sa su daina zubawa ba. Sai mu rasa ɗigon, sharar tana nan."

Abin da ta nema shi ne a ba lungun wurin zubawa na halal. Akwai wani tsohon kwandon ƙarfe, irin babban nan da mota take ɗagawa, yashe a bayan gareji, gindinsa ya yi tsatsa ya huje. In mai waldar gareji ya gyara shi, a ajiye shi a bakin titi inda dama motar unguwa take wucewa. Sannan filin kansa kada a bar shi fayau. Ta lura a taswirarta cewa wurin da aka kwashe aka bari ba kowa shi ne yake dawowa, amma inda wani ya kafa rumfa ko benci da wuya ya dawo. Filin na hukuma ne, Oga yana iya sa hannu a ba wani izinin zama na wucin gadi. Abu na ƙarshe shi ya fi yi masa nauyi: ɗigon zai zauna rawaya, ko baƙi sun zo, har sai ruwa ya sauka an ga abin da ya yi.

Oga ya kaɗa biro. "Na ba ki zuwa ruwan farko," ya ce. "In lungun ya cika, ko filin ya sake yin ja, jami'an tara za su shiga, kuma ke za ki raka su ƙofar yayarki."

"To, na ji," ta ce.

Ranar yashe kwalbatin da kanta ta je, da takalmin roba na aro wanda ya yi mata yawa. Ma'aikata suka shiga da manjagara da dogon ƙarfe mai ƙugiya. Abin da aka ciro ya cika tifa har ya yi tozo, har da katifa da kujerar roba mai ƙafa uku. Da suka ce sun gama, ta tura Babu Ribas ɗaya bakin, a ƙetaren titi, ita kuma ta durƙusa ta leƙa.

"Kana gani na?"

"Ina ganin tabarau."

"To ɗauki hoton a haka."

Tun daga ranar ya zama ƙa'ida a ofis: hoton kwalbati ba ya karɓuwa sai an ga haske ta ɗaya bakin.

Wanda zai zauna a filin ma a taswira ta samo shi. Akwai wani mai facin taya a mahaɗar titi da ake yawan turo hoton tsofaffin tayoyinsa, don sun cinye hanyar masu tafiya a ƙafa. An sha tashin sa yana dawowa, saboda ba shi da wurin zuwa. Dattijo ne mai yawan raha. Ta same shi ta yi masa tayin filin, da sharaɗin ya share shi kullum, kuma kada matattun tayoyi su taru.

"In na ga mutum da leda fa, ranki ya daɗe?" ya tambaya. "Ni fa ba na iya faɗa. Ƙarfina a ɓare taya ya ƙare."

"Ba faɗa za ka yi ba. Gaishe shi za ka yi. Ka tambaye shi gida, ka tambaye shi yara, ka ga ko zai iya ajiye leda a gabanka."

Mai faci ya kafa rumfar kwano, ya kawo injin iska da bahon da yake gwada tub a ciki. Tayoyin da suka mutu ya binne su rabi-rabi a jere, ya zagaye bakin kwalbatin da su, ya shafa musu farin fenti. Ba a jima ba benci ya samu, masu babur suka fara tsayawa, dattawan lungun suka mayar da wurin majalisar yamma.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Kwandon yana da 'yar tafiya daga lungun, Yaya kuma gwiwa tana damun ta. Ta yi fushi, ta daina ɗaga wayar ƙanwarta, ta riƙe wata rigarta da ta riga ta yanka, ta aika cewa keken ba ya jin daɗi. Mai faci ya ba da labarin safiyar da ta fito da ledarta ta nufi filin kamar yadda ta saba. Ya miƙe ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya har da na nesa. Ta amsa duka, leda a hannu. Da gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage a tambaya, ta dube shi ta ce, "Kai ma ita ta turo ka ko?" Ta wuce kwandon tana ɗingishi. Daga baya shi yake karɓar mata ledar in zai fita titi.

Wani karon kuma laifin ofis ne. An ajiye kwando, an manta ba a sa shi cikin zagayen motar unguwa ba, ya cika ya tumbatsa. Jan ɗigo ya fito a bakin titi, da hoto, da saƙo a ƙasa daga wayar Yaya: "Wannan kuma naku ne." Uwar Taswira ta gyara a ranar.

Baƙin majalisa sun zo kamar yadda aka tsara. Ɗaya daga cikinsu ya nuna rawayan ɗigon da ke tsakiyar kore ya tambayi dalili. Oga ne ya amsa da kansa. Ya ce an kwashe wurin tuntuni, ruwa ake jira ya sa hannu.

Ruwan ya zo wata ranar aiki da rana tsaka. Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu har aka kunna fitila, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kwanon gareji ya ɗauki ƙara har ba a jin magana. Direbobi suka taru a ƙofar ɗakinta, wai sun zo fakewa, alhali garejin ma yana da rufi. Ba wanda ya ambaci lungun. Uwar Taswira ta ci gaba da rarraba aikin gobe, sai dai ta ba mota ɗaya wurare biyu a lokaci guda, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kira Yaya, ba a ɗaga ba. Ta kira mai faci, wayarsa a kashe.

Ruwan ya fara tsagaitawa ke nan sai ga jan ɗigo ya fito, daidai bakin lungun, manne da rawayan. Babu Ribas ya sunkuyar da kai. Oga, wanda ya fito daga ofishinsa, ya zo ya tsaya a bayan kujerarta. Ta sa tabarau ta buɗe.

Babu shara a hoton. Ruwa ne ja, mai ƙarfi, yana ratsa tsakanin fararen tayoyi yana shigewa kwalbati kai tsaye. A gefe ana ganin mai faci ƙarƙashin rumfarsa, ya naɗe ƙafa a kan benci. Hoto na biyu ƙofar gidansu ce: siminti ya jiƙe da feshi, takalman zaman gida na Yaya suna ajiye inda ta saba ajiye su, ba abin da ya motsa su. A ƙasa an rubuta, "Yana wucewa." Yaya hanya ɗaya ta sani ta tura hoto, wadda aka koya mata.

Direbobi suka kwashe da dariya. Oga ya ce a rubuta wa tsohuwar nan tarar rahoton ƙarya, ya koma ofishinsa yana murmushi. Uwar Taswira ta goge jan ɗigon, ta kai hannu kan rawayan, ta ɗan tsaya, sannan ta danna.

Ba ta ajiye tabarau ba wayarta ta yi ƙara.

"Auta, kin gani?"

"Na gani, Yaya."

"To. Ki biyo ki karɓi rigarki, ta tsare mini wuri."

"Keken ya warke ke nan?"

"Ya warke. Kuma ki faɗa wa mai facinki ya rage gaisuwa, ya ishe ni."

Maganar sayar da gida ba ta sake tasowa ba. An yi ruwan da ya fi wannan ƙarfi a daminar, lungun bai cika ba. Da ruwa ya ɗauke, Yaya ta sa aka kankare zanen lakar nan da ke bango aka yi sabon fenti, abin da ta ƙi yi tun ambaliyar.

A yau, in ɗigo ya faye dawowa a wuri ɗaya, Uwar Taswira ba ta tsayawa ga tura mota. Takan sa takalmin roba, wanda yanzu nata ne daidai ƙafarta, ta je ta ga inda mutanen wurin suke da halin kai shararsu, ta kuma nemi wanda zai zauna a filin. Wani fili mai sayar da shuke-shuke ya samu, wani mai wankin babur. Akwai kuma waɗanda har yanzu ba ta samo musu kowa ba. Taswirarta ba ta yi kore shar kamar da ba, rawaya ya yi yawa a cikinta, kuma yakan daɗe. Ta ce ta fi yarda da wannan. In ta bi ta lungun da yamma, bayan ta gaisa da mai faci da mutanen benci, takan yi abin da mahaifinta ya koya mata a gaban mota: in ta kai ƙofar gida, sai ta waiwaya ta dubi layin kafin ta shiga.